Kalma Ɗari Uku

Edita ya ce: kalma ɗari uku kullum,
ban da hawaye, jarida ba gidan makoki ba ce.
Na sauka Leon da tafireta da akwatin kwali,
ban iya komai a yarensu ba sai gaisuwa.
Dutse mai aman wuta yana tari a bayan gari,
ba mai ɗaga kai ya dube shi,
abin da ke cikin gari ya fi shi zafi.

Eulalio ne direbana.
Da igiyar shanya ya ɗaure ƙofar motarsa.
A shingen soja yakan koma wawa,
ya yi ta washe baki yana sara musu,
alhali ƙarƙashin kujerata akwai allurai da bandeji
da takardun da in an gani, mu biyu sai rami.
Na sani. Na zauna a kai. Ban rubuta ba.
Tun ranar na daina zama ɗan kallo,
katin da ke rataye a wuyana ne bai samu labari ba.

Casilda na koyar da karatu a rumbun kofi,
ɗalibanta masu furfura, tafin hannu duk kanta,
suna riƙe fensir kamar ƙwai.
Wani tsoho ya rubuta sunansa karon farko,
ya zauna yana kallonsa har fitila ta mutu.
Na buga wannan ta waya cikin dare.
Edita ya yanke shi, ya bar adadin gawa.

Ran da bariki ya faɗi
an kaɗa ƙararrawar coci har igiya ta tsinke.
Wata mata da ban sani ba ta cusa min mangwaro a aljihu.
Na rubuta: jama'a sun yi murna.
Da fari "mun" na buga, na goge,
takardar ta huje a wurin.

Shekara uku. Tuta ta koɗe, layin shinkafa ya ƙara tsawo.
Waɗanda muka kwana kan buhu ɗaya a daji,
yanzu sai na cike takarda kafin in gan su.
Sai aka zo cikin dare aka tafi da Anselmo,
shi da ya buga musu ƙasidu lokacin da buga su kisa ne,
don ya jera baƙaƙen tambaya guda:
ina kuɗin asibiti?

Tun asuba labarin yana hannuna.
Na ce in na aika, maƙiya za su yi rawa da shi.
Na ce bari in tabbatar.
Na ce gobe.
Kwana tara ina cewa gobe.
Wai so hana ganin laifi. Ba haka ba ne,
sarai na gani, yatsuna ne suka noƙe.
Rana ta goma wani ya riga ni,
wanda bai taɓa shan ruwan garin ba,
har ya kuskure harafi a sunan.

Bana na koma, ina dogara sanda.
Eulalio ya rasu, kaji ke kwana a motar.
Anselmo, in ji su, ya fito ba haƙoran gaba,
ya tsallaka iyaka, ba ya rubuto wa kowa.
Jikar tsohon nan ce ke karanta wa unguwa jarida,
tana tsallake wuraren da ta san ƙarya ne.

Casilda ta dafa kofi, ba ta zarge ni ba,
da ma ta zarga, da na samu abin riƙewa.
Ta ce: har yanzu kalma ɗari uku suke ba ka?
Na ce yanzu ba mai ƙirga min.
Ta ce: to me kake jira?
Can baya dutsen ya sake tari.
Kofin ya huce a hannuna.